Ƙafar Katakon Seu Teodomiro

Sufeto Valdirene Tenório tana tsakiyar cin dambun masara da soyayyen ƙwai, sai Kofur Josenildo ya leƙo ofis yana danne dariya.

"Ranki ya daɗe, an yi sata a Pedra Mansa."

"Akuya ko babur?"

"Ƙafa."

Ta ɗago kai. "Ƙafar me?"

"Ta mutum. Seu Teodomiro, mai rawar nan. Ya tashi da safe ya nema ya rasa."

Sufeto ba ta cikin masu barin abinci saboda ɓarawo. Sai da ta cinye dambunta tas, ta kora da kofi, sannan ta ɗauki hula. Aikin wannan lungu na jihar Paraíba ya yi mata daidai: rikicin iyakar gona, satar akuya, mashayin da ya mari surukinsa ranar kasuwa. Ta yi zaman babban birni, ta ga abin da ta gani, kuma ko kaɗan ba ta kewarsa.

A mota Josenildo ya cika mata inda ba ta sani ba. Teodomiro ya ƙarar da ƙuruciyarsa a saran rake, har ranar da tirela ta kife masa a ƙafar hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Amininsa Epitácio masassaƙi, wanda ya tsaya wa 'yarsa a baftisma har suke kiran juna Kompadre, shi ya sassaƙa masa ta katako mai maɗaurin fata. Ƙafar ta zauna har baƙo ba ya ganewa, kuma duk bikin watan Yuni da ita yake buɗe fagen rawa. Amma rawa ba sara ba ce. Aiki ya gagara, gida ya koma kan keken ɗinkin matarsa.

"Bai nemi tallafin naƙasassu ba?"

"Ya nema, ranki ya daɗe. Ranar ganin likitan gwamnati ya sa gogaggen wando, ya goge takalmi, aka ba shi kujera ya ce a ba mata. Likita ya ce ina ke ciwo, ya ce, ‘Ni? Ko jiya sai da na taka rawa.’ Likita ya rubuta abin da ya gani. Aka hana shi."

"Girman kai rawanin tsiya," in ji Sufeto.

"Ƙungiyar manoma ta ɗaukaka masa ƙara. Gobe da safe kwamitin likitoci zai zauna a gari. In bai bayyana ba, an rufe magana ke nan."

Sun tarar da Teodomiro kwance a gadon lilo a ƙuryar ɗaki, ya lulluɓe daga ƙugu zuwa ƙasa da mayafi, duk da zafin da ake yi. Dattijo ne dogo mai gyararren gashin baki. Matarsa Dona Zuleide tana tsaye a bakin ƙofa, idonta ya yi ja.

"Sannu da zuwa, Sufeto. Ki gafarce ni ban tashi ba. Ba rashin ladabi ba ne, rashin ƙafa ne."

"Yaushe rabonka da ita, Seu Teodomiro?"

"Jiya da yamma. Na shafe ta da man kwakwa kamar kullum, na jingina ta nan kusa da ni."

"Wa kake zargi?"

"Wanderley! Ɗan iskan nan mai jaka. Ya ce in ba shi maganar tallafin a hannunsa mu raba kuɗin, na kore shi. Ya rantse sai na dawo ina roƙonsa."

"To gobe fa?"

"Ba ni zuwa."

"Ga sandunan asibiti can a saman rufi," in ji Zuleide da sauri. "Tun da aka ba shi, shanya nake a kansu."

"Su ci gaba da shanya! Garin nan ba wanda ya taɓa ganina ina tsalle kamar fara, ba kuwa zan fara da furfura ba. Su riƙe tallafinsu."

Zuleide ta juya baya ta goge ido da gefen riga. Sufeto ta ji tausayinta ƙwarai, don ta ga irin tsufan keken ɗinkin, ta kuma ga yadda yatsun matar suka fara kumbura.

Ta fito baranda tana dube-dube. A jikin bango, a ƙasa, akwai tabon mai zagaye, sabo, tururuwa sun yi masa ƙawanya. Kusa da shi kuma ga takalma baƙaƙe ƙafa biyu a jere, an cusa igiyoyinsu ciki.

"Dona Zuleide, zo. Ƙafar a ɗaki ta kwana?"

"A ɗaki, ranki ya daɗe. Ƙofa kuma a kulle."

"To ɓarawon ya shiga ta ramin makulli ke nan, ya fito da ita, ya jingina ta a nan har ta yi zufar mai?"

Zuleide ta rage murya. "Ki rufa min asiri. Warin man ne ke hana ni barci. Idan ya yi barci nakan fitar da ita, da asuba in mayar. Shekara da shekaru bai sani ba."

"Wa ya san kina haka?"

"Duk mai wucewa da sassafe zai iya gani."

"Wannan takalmin na hagu, a ƙafar yake zama?"

"Ba ya cire shi ko kaɗan. Su ke nan takalmansa na fita."

Sufeto ta tsuguna ta ɗauki takalmin ta jujjuya. Fata ce mai kyau, a kasuwa ita za ta yi kuɗi, ba guntun katako da ba zai shiga kowa ba sai mutum ɗaya. Amma wannan ɓarawon ya zauna ya kwance igiya a tsanake, ya ajiye takalmi kusa da ɗan'uwansa, ya tafi da katako. Ruwa ba ya tsami banza.

Sun sami Wanderley a rumfar shan kofi ta bakin dandali, jaka a kan cinya. Kowa Dokta yake ce masa, alhali bai gama sakandare ba. Sana'arsa ita ce tare tsofaffi a ƙofar ofishin tallafi ya ce ya san na ciki.

"Dokta, ina ka kwana?"

"A gari, Sufeto. Yanzun nan na sauka daga bas."

"Bas ɗin ƙarangiya ke fitowa a cikinta?"

Ya dubi ƙafar wandonsa. Ƙarangiya ta manne masa har ƙwauri, irin wadda ta cika lungun bayan gidan Teodomiro.

"To, na je. Da sassafe na je. Laifi ne mutum ya ba dattijo shawara? Na so in tare shi kafin gobe, in ce kada ya sake zuwa ya yi musu rawa. Na ga ƙofa a rufe na juyo."

"Ka ga ƙafar a baranda?"

"Takalma na gani. Haba Sufeto, me zan yi da ƙafa ta uku? Biyun ma da kyar nake ciyar da su."

"Wa ka gani a hanya?"

"Ba kowa. Sai wani can nesa yana hawan tudu da buhu a kafaɗa, da hular fata."

"Wane ne?"

"Rabin mazan garin nan hular fata suke sawa. Mai hawa cocin Waliyyi Roque da ke kan tudun da buhu kuwa ai ba abin kallo ba ne."

Sufeto ta bar shi da kofinsa. Maƙaryaci ne, amma ba irin wanda zai tsuguna ya jera wa wani takalmi ba.

Shagon Epitácio yana ƙarshen layi, inda hanyar tudu ta fara. Hannuwa da ƙafafu da kawunan katako sun cika kanta, irin waɗanda mutane ke saya su kai wa Waliyyi Roque idan sun yi alkawari a kan wani ciwo. Masassaƙin gajere ne mai kauri, yana shara, ko da yake ƙasan a share take.

"Seu Epitácio, ka ji abin da ya sami amininka?"

"Na ji. Ya ce zai je gobe?"

Sufeto ta lura bai tambayi ƙafar da ya sassaƙa da hannunsa ba.

"Ya ce ko da bindiga ba ya fita."

Tsintsiyar ta tsaya. "Zai huce. Kompadre haka yake, wutar kara."

"Za ka iya sassaƙa masa wata kafin gobe?"

"Ina! Itacen kaɗai sai ya yi wata yana bushewa."

"Yaushe rabonka da hawa tudu?"

"Tun makon jiya. Ba ciniki kwanan nan, ko wuƙa ban taɓa ba."

Tana jin sa tana zagaya shagon. Ta ɗauki wani hannu na katako, ta ga ɗigon ja a wuyan hannun. Ta ɗauki wani kai, shi ma ga ja a goshi.

"Wannan jan fa?"

"Wurin ciwon ke nan," in ji Epitácio, murya ta saki don an taɓo sana'a. "Haka mahaifina ya koya min. In ba ka sa alama ba, ta ina Waliyyi zai san inda ke ciwo? Ni dai ban taɓa rataya abu a can babu ita ba."

A kan teburi akwai gwangwanin jan fenti a rufe, da ɗan burushi a gefensa. Sufeto ta taɓa bakin burushin da yatsa kamar ba da gangan ba, ta sa hannu a aljihu, ta yi sallama.

A waje ta nuna wa Josenildo yatsan. Ja ne, ɗanye.

"Mutumin da ko wuƙa bai taɓa ba," ta ce. "Mu hau, Kofur."

Rana ta take lokacin da suka kai ɗan cocin kan tudu, Josenildo yana haki yana tsine wa ranar da ya shiga aikin ɗan sanda. Ɗakin godiya yana gefe, ƙofarsa ba ta rufuwa. Daga ƙasa har rufi katako ne a rataye, ƙafafu sun fi komai yawa, tsofaffi da sababbi, har da waɗanda gara ta fara ci.

Josenildo ya cire hula. "Ranki ya daɗe, a nan ko mai ƙafar ba zai gane tasa ba."

"Shi ya sa aka kawo ta nan."

Ba ta kalli sama ba. Ƙasa ta duba, har ta sami layin tururuwa ya shigo ta bakin ƙofa ya kama bango. Ta bi shi da ido. Ya wuce ƙafafu da yawa bai kula su ba, ya ƙare a kan wata guda a bayan ƙofa, mai sheƙin mai, an naɗe maɗaurin fatarta an cusa ciki.

"Sauko min da ita."

Kofur ya ja da baya. "Ni? Haba ranki ya daɗe! Abin da aka ba Waliyyi ba a karɓa. Kawuna ya san wani da ya ɗauki hannu a nan, bai kai bikin Kirsimeti da nasa lafiya ba."

Sufeto ta gane wannan ma yana cikin dabarar. Ko Teodomiro ya gano inda take, ba zai taɓa miƙa hannu ya cire ta ba, kuma babu wanda zai cire masa a duk Pedra Mansa. Ita ma jikar wata ce mai hawa tudun nan da gwiwa, don haka sai da ta yi alamar gicciye kafin ta taka benci.

"Waliyyi Roque, ka shaida ba mai ita ne ya karɓa ba. Hukuma ce ta ara, shaida ce."

Ta sauko da ita ta juya ta wajen haske. A cikin kwarmin da dungun ƙafa ke zama, a gefen waje, akwai ɗigon jan fenti, bai gama bushewa ba. Fatar da ke kewaye da shi kuwa ta yi baƙi da wani tsohon tabo wanda ba fenti ba ne.

Da la'asar ta sa Josenildo ya kira Epitácio zuwa gidan Teodomiro. Zuleide ta dafa kofi, don ko ɓarawo ne ya shigo gidanta sai ya sha. Sufeto ta karɓi nata, ta kurɓa, sannan ta zare ƙafar daga buhu ta ɗora a kan teburi.

Teodomiro ya yunƙura daga gadon lilo. "'Yar albarka! A ina? Ina Wanderley ɗin?"

"A ɗakin godiya na same ta. Seu Epitácio, nuna min hannunka na dama."

Masassaƙin ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya miƙa. Ja ya maƙale a gefen farcen babban yatsa.

"Ka ɓoye ta inda ba mai gani," in ji Sufeto. "Ka bar masa takalmi don kada ya rasa abin sawa gobe. Da a nan ka tsaya, da na sha wuya. Amma hannunka ya kasa rataya ta babu alama."

"Kompadre?" in ji Teodomiro. "Kai? Kai da na ba 'yata ka riƙe a gaban Fada ranar baftisma?"

Epitácio ya cire hular fatarsa. "Ni ne."

"Me na yi maka?"

"Ni na yi maka. Na yi maka ƙafa mai kyau fiye da kima, ka shiga da ita gaban likita kana taƙama kamar angon doki, aka hana ka abin da yake haƙƙinka. Tun ranar ban yi barci mai daɗi ba. Na ce gobe in ka tafi da ita, haka za ka sake yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Kompadre."

"Lafiyata ƙalau!"

"Ƙarya kake, tsohon banza! Wa ke sauya maka fatar ciki? Duk zuwan da za ka yi da jini nake samun ta. Bayan kowace rawa sai ka kwana biyu a ɗaki ka ce zazzaɓi ne. Komadre Zuleide, ƙarya na yi?"

Hawaye suka zubo wa Zuleide. Teodomiro ya dube ta, ya dubi yatsunta, ya kawar da kai.

"Na ɗauka in ka rasa ta dole ka ɗauki sanda," in ji Epitácio a hankali. "Na manta da wa nake yi. Ashe na ƙara ɓata abin ne."

Teodomiro ya miƙa hannu wajen teburi. "To an gama. Ba ni ƙafata, Sufeto."

"Ba yau ba. Shaida ce, tana hannun hukuma har a rufe ƙara."

"To na yafe! A rufe."

"Ba a yafewa daga gadon lilo. An kawo ƙarar sata, na kama ɓarawo, ya amsa da bakinsa a gaban shaidu. Zai kwana a wajenmu. In mai ƙara yana son janyewa, sai ya zo caji ofis da kansa ya faɗa. In bai zo gobe da safe ba, na miƙa wa alƙali."

"Da me zan zo? Da fukafuki?"

"Wannan kuma ba aikin 'yan sanda ba ne." Ta shanye kofinta ta miƙe. "Caji ofis ɗinmu dai ka san shi, yana kallon inda likitocin ke zama. Titi ne kawai tsakani."

Josenildo ya taɓa ankwa a ƙugunsa, Sufeto ta harare shi, ya sauke hannu. Epitácio ya mayar da hularsa ya bi su ba gardama. A bakin ƙofa ya waiwaya.

"Kompadre, ka san ƙirjina ba ya son kwanan siminti."

"Ya kashe ka, ɓarawon ƙafa!"

Maƙwabta sun cika layi lokacin da aka sa masassaƙin a bayan mota, buhun shaida a kan cinyarsa yana rungume da shi. Sufeto ba ta tayar da mota nan take ba. Ta tsaya gyaran madubi, ta nemi makullin da ke hannunta, kunnenta na wajen tagar gidan.

Har ta fara tunanin ta yi kuskure. Can sai ta ji muryar dattijon, a ƙasa-ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

"Zuleide, kwashe shanyar nan ki sauko min da sandunan."

"To."

"Ki goge min takalmi kuma."

"Duka biyun?"



"Na dama kawai."

Sufeto ta murɗa makulli. A madubi ta ga ɓarawonta yana share ido da bakin buhu, ta ce wa Josenildo in sun isa ya nemo masa katifa.